DARASI: TARON GARI DA AIKIN ƘARAMAR HUKUMA

Manufar darasi

- Mu san ayyukan da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, da inda kuɗinta ke fitowa.
- Mu koyi shirya taron gari wanda kowa zai sami bakin magana a ciki.
- Mu gane lokacin da ya dace mu kai buƙatunmu, da yadda za mu bi sawunsu.

Ga mai jagora: Za a iya raba wannan darasi zama biyu. A karanta shi da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba. A tsaya a ƙarshen kowane sashe, a bar jama'a su kawo misali daga garinsu.

Labarin wani gari

Akwai wani gari da muka yi shekaru muna aiki tare da mutanensa. Ba za mu faɗi sunansa ba, gama labarinsa ya yi kama da na garuruwa da yawa. Tsakanin garin da babbar hanya akwai rafi. Wata shekara a cikin Agusta ruwa ya ci kwalbatin da ke kan rafin. Daga nan mota ta daina shiga. Masu sayen masara suka riƙa tsayawa a ƙetare, suna saye yadda suka ga dama, domin sun san wanda ya ɗauko buhu a ka ya haye rafi ba zai koma da shi gida ba. In ruwa ya cika, yara ba su zuwa sakandare. Mace mai naƙuda kuwa sai a ɗauke ta a kan gadon kara zuwa inda mota za ta iya tsayawa.

Mutanen garin suna da bikin shekara da suke yi ranar 26 ga Disamba. 'Ya'yan gari na Jos, Kaduna da Abuja duk sukan dawo. Ana yanka saniya, ana rawa, ƙungiyoyin mata suna ɗinka anko. A shekarar nan aka gayyaci Ciyaman na ƙaramar hukuma. Shugaban ƙungiyar ci gaban gari ya karanta jawabi mai ɗauke da buƙatu goma sha huɗu. Ciyaman ya tashi ya ce ya ji kukansu, za a duba. Aka yi tafi, aka yi guɗa, aka raka shi mota da akuya da buhun doya. Shekara ta kewayo, aka sake karanta jawabin nan, aka sake tafi. Haka aka yi sau uku, kwalbati yana nan yadda ruwa ya bar shi.

Bayan biki na uku wata dattijuwa ta ce wa shugaban ƙungiya, "Ɗana, takardar nan da kake karantawa kowace shekara, wa kake ba wa in ka gama?" Ya ce, "Mama, a aljihuna nake mayar da ita." Ta ce, "To, ashe aljihunka muke roƙo."

Za mu komo kan wannan gari a ƙarshe. Amma bari mu fara da abin da mutanensa ba su sani ba a lokacin.

1. Mece ce ƙaramar hukuma?

Iyayenmu sun san zamanin En'e, lokacin da haraji, kotu da 'yan doka suke hannun sarakuna. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi gyara, ta kafa tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa. An yi ta ƙara yawansu har suka kai 774 a shekarar 1996, kuma sunayensu suna rubuce cikin tsarin mulki na 1999. Jihar Filato tana da 17, Kaduna 23, Bauchi 20, Gombe 11, Adamawa 21, Nasarawa 13, Taraba 16.

Sashe na 7 na tsarin mulki ya ce zaɓaɓɓun mutane ne za su riƙe ƙaramar hukuma. Hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya wannan zaɓe, ban da Abuja inda INEC take yi. Tsawon wa'adin kuwa dokar kowace jiha ce take yanke shi.

Ƙaramar hukuma tana da hannu biyu. Akwai Ciyaman da mataimakinsa da sakatare, su ne masu zartarwa. A ƙarƙashinsu akwai sassa kamar na ayyuka, na lafiya, na gona, na kuɗi, da na walwalar jama'a. Sa'an nan akwai majalisar kansiloli. Kowace mazaɓa tana aika kansila ɗaya. Aikin majalisa shi ne yin dokokin ƙaramar hukuma, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan yadda ake kashe shi.

A nan ne da yawa daga cikinmu muke kuskure. Mun mai da kansila mutumin da ake zuwa gidansa da sassafe don kuɗin magani, kuɗin makaranta ko gudummawar biki. Idan ya ba mu, mu ce mutumin kirki ne. Idan bai ba mu ba, mu ce ya manta da mu. Amma ba wanda ya tambaye shi abin da aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana. Kansilan da ya saba da raba ɗari biyar-biyar a ƙofar gidansa ya san ba za a tambaye shi kome ba.

Hakimi, dagaci da mai unguwa ba zaɓaɓɓu ba ne, kuma ba su riƙe da kasafi. Duk da haka su ne iyayen ƙasa. Suna sasanta rigima, suna ba da shaida a kan fili, kuma maganarsu tana da nauyi a sakateriya. Aikin gari da aka tsallake su ba ya yin nisa.

2. Wane aiki ne nata?

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. Ga waɗanda suka fi shafarmu:

- Gina ƙananan hanyoyi da gyara su, tare da magudanan ruwa da fitilun titi.
- Kafa kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da bayan gida na jama'a, da kula da su.
- Kwashe shara.
- Kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu.
- Rajistar haihuwa, mutuwa da aure.
- Sa wa tituna suna da ba gidaje lamba.
- Sa ido a kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da wuraren sayar da giya.

Akwai kuma ayyuka uku da take yi tare da gwamnatin jiha: makarantun firamare da yaƙi da jahilci, aikin gona, da kiwon lafiya.

Sanin wannan jeri yana rage mana wahala. A cikin buƙatu goma sha huɗu na garin nan, akwai neman jami'a, akwai babban asibiti, akwai kwalta daga garin har hedkwatar jiha. Ba ɗaya cikin waɗannan da yake hannun Ciyaman. Kwalbati kuwa aikinsa ne kai tsaye, amma an sa shi na tara a jeri. Wanda aka roƙe shi abin da ya fi ƙarfinsa yakan ce za a duba, kuma a cikin wannan amsa abin da zai iya ma yakan ɓace.

Har wa yau akwai kwamitoci biyu da aka tanadar mana kujera a ciki, amma sau da yawa ba mu zama. Na farko shi ne kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, inda iyaye, malamai, mata da shugabannin gari suke zama tare. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko, wato firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma tilas. Na biyu shi ne kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya mai aiki. Yana da kyau mu tambaya: su wane ne suke wakiltarmu a waɗannan kwamitoci, yaushe kuma suka zauna na ƙarshe?

3. Daga ina kuɗin yake fitowa?

Hanya ta farko ita ce asusun tarayya. Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Daga harajin kayan masarufi, wato VAT, ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Hanya ta biyu ita ce abin da ake karɓa a hannunmu: tikitin kasuwa, kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin mayanka da makamantansu.

Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha, kuma gwamnoni da dama sukan naɗa kantomomi a maimakon yin zaɓe. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki. Bayan hukuncin jihohi da yawa sun yi zaɓen ƙananan hukumomi, amma aiwatar da biyan kai tsaye ya yi ta jan ƙafa. Saboda haka tambayar farko da za mu yi wa shugabanninmu ita ce: nawa aka rubuta mana, nawa kuma ya iso?

Abin da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma ba asiri ba ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana buga rahoton rabon a intanet. Ɗalibi ɗaya mai waya zai iya nemo na ƙaramar hukumarmu, a rubuta a allo ranar taro. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a watan Mayu 2011. Ta ba kowane ɗan ƙasa dama ya nemi bayani a rubuce daga ofishin gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 7. A shekarar 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wannan doka ta shafi jihohi ma, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba.

Sai dai mu yi adalci. Babban kaso na kuɗin yana tafiya ga albashin malaman firamare da sauran ma'aikata. Abin da ya rage na ayyuka, mazaɓu goma ko fiye ne suke jiransa. Garin da ya zo da buƙata ɗaya bayyananniya, a kan lokaci, da shiri, shi ne ya fi kusa da samu. Mu kuma idan muka biya tikiti, mu karɓi rasit. Kuɗin da aka karɓa ba rasit, ba mu da bakin tambayar inda ya shiga.

Abu mafi muhimmanci a wannan sashe shi ne lokaci. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa a Janairu, ta ƙare a Disamba. Ana tsara kasafin shekara mai zuwa a watannin ƙarshe na wadda ake ciki. Wato ranar 26 ga Disamba, lokacin da mutanen garin nan suke karanta jawabinsu, aikin tsara kasafi ya riga ya yi nisa ko ya ƙare. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya fi dacewa mu kai buƙata shi ne tsakanin Yuli da Satumba. Wannan kuma shi ne lokacin da ɓarnar ruwa take a fili, wanda ya zo dubawa zai gani da idonsa.

4. Yadda za mu shirya taron gari

A nan za mu faɗi kuskuren da mu ma'aikata muka yi da kanmu. Taron farko da muka kira a garin nan ya faɗo ranar kasuwa, ba mu tambaya ba. Maza wajen talatin suka zo, mata biyu, matasa ba ko ɗaya. Aka tambayi abin da gari ya fi buƙata, aka ce babban ɗakin taro. Muka rubuta, muka tafi da murna. Bayan mako biyu shugabar zumuntar mata ta tare mu ta ce, "Malam, a cikin ɗakin taron za mu haihu?" Dole muka koma muka sake taron daga farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sai an bar dukan masu ɗakin sun yi magana.

Ga abubuwan da muka koya:

Rana da lokaci. Kada a sa taro ranar kasuwa, ko safiyar Lahadi, ko lokacin sallar Juma'a, ko ranar jana'iza. Da damina a bar shi sai yamma bayan an taso daga gona, amma a gama kafin lokacin girki.

Wuri. A zaɓi inda kowa zai shiga ba tare da jin shi baƙo ba ne. Filin makarantar firamare ko ƙofar dagaci sun fi cikin majami'a, domin rafi da kasuwa da rijiya na dukan gari ne.

Gayyata. A yi sanarwa a majami'u da masallatai, mai shela kuma ya zaga unguwanni. A aika wa Ardo da mutanen ruga. A tuna da baƙin da suka zauna tare da mu, da gwauraye, da naƙasassu. Wanda ba a kira shi ranar shawara ba, da wuya ya fito ranar aikin gayya.

Ajanda. Kada ta wuce batu uku. A faɗe su tun wurin sanarwa, domin mutane su zo da tunaninsu.

Rukuni. A yawancin garuruwanmu mace ba ta yin musu da surukinta a gaban jama'a, saurayi kuma ba ya gyara maganar dattijo. Saboda haka a fara raba jama'a: dattawa, mata, matasa. Kowane rukuni ya kawo buƙatu uku, sa'an nan a haɗu.

Zaɓen fifiko. A zana kowace buƙata a ƙasa, ko a ajiye alamarta, kamar bokiti don ruwa, dutse don kwalbati, alli don makaranta. A ba kowane mutum ƙwayar masara goma, ya raba su yadda ya ga muhimmancin kowace. A ƙirga a gaban kowa. Wannan hanya ba ta bukatar karatu, kuma ƙwayar matalauci daidai take da ta mai kuɗi.

Rubutu. Sakatare ya rubuta ranar taro, yawan maza da mata da suka zo, abin da aka yanke, wanda zai yi, da ranar da zai kawo rahoto. A karanta wa jama'a kafin a tashi. A taro na gaba da wannan za a fara.

Kuɗi. Idan ana tara gudummawa, a buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, da masu sa hannu uku, ɗaya a cikinsu mace. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane taro. Ba za mu iya tambayar Ciyaman lissafi ba idan mu kanmu ba mu ba da lissafin kuɗin lancin na bara ba. Yana da kyau kuma ƙungiya ta yi rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, domin a san da ita.

5. Kai takarda da bin sawunta

Bayan taro sai a rubuta wasiƙa zuwa ga Ciyaman. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ta faɗi matsalar da wurin da take, mutanen da ta shafa, abin da gari ya riga ya yi, abin da gari zai bayar, kamar yashi, dutse, ruwa da ƙarfin hannu, da abin da ake nema daga hukuma. Dagaci, shugaban ƙungiya, shugabar mata da shugaban matasa su sa hannu. A haɗa da hoto idan akwai.

A yi kwafi huɗu: na Ciyaman, na kansila, na shugaban sashen da abin ya shafa, da namu. A ofishin karɓar wasiƙu a roƙa a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu. Wannan hatimi shi ne shaidarmu ko da an canja shugabanni.

Zuwa da kai ya fi saƙo. A zaɓi mutum huɗu ko biyar, maza da mata, su tafi tare da kansila. Su gaisa da ladabi, su yi magana a taƙaice, su tambayi ranar da za su dawo. Ba a je don faɗa ba, ba a kuma je roƙon alfarma ba. An je ne a kan aikin da doka ta ɗora wa ofishin. Idan aka ba su kuɗin mota, su faɗa wa jama'a nawa ne, a rubuta. Ƙaramin abu irin wannan da aka ɓoye shi ne yake kashe amana.

In kasafi ya fito, kansila ya nuna mana layin da aikinmu yake, da adadin da aka sa. Shiga kasafi ba shi ne sakin kuɗi ba, don haka a ci gaba da leƙawa wata-wata. In ɗan kwangila ya zo, a sa mutum biyu masu sanin gini su riƙa duba siminti da rodi. Idan sun ga abin da bai yi ba, su kai rahoto a rubuce ga sashen ayyuka, kada su tsaya cacar baki da leburori.

Gargaɗi ɗaya: kada ƙungiyar gari ta zama ta wata jam'iyya. Kowa yana da 'yancin zaɓen wanda yake so. Amma ranar da ƙungiya ta ɗaga tutar ɗan takara, rabin gari zai janye, kuma idan ya faɗi, wanda ya ci zai ɗauke mu abokan gāba.

6. To, ina amfanin biki?

Kada wani ya ji wannan darasi ya ce a daina biki. Bukukuwa irin su Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi, da Puus Kaat na Mangu, suna tara dangi da suka watsu, suna koya wa yara harshe da rawar iyayensu. Ƙananan bukukuwanmu na ƙauye ma haka suke. A wurin biki, da jana'iza, da ƙwallon matasa, da gaisuwar Kirsimeti da ta Sallah tsakanin maƙwabta, ake ƙulla zumuncin da yake sa mutane su amsa kira ranar da aka neme su. Garin da ba a cin abinci tare, da wuya a ɗauki dutse tare.

Abin da muke cewa shi ne a ba biki aikin da zai iya. Ranar biki ranar rahoto ce. A tashi a gaban 'ya'yan gari da baƙi a ce: ga abin da muka yanke a watan Yuli, ga takardar da muka kai da hatiminta, ga abin da aka yi, ga abin da ya rage, ga kuma lissafin kuɗinmu. Idan hukuma ta yi aiki, a gode mata a fili. Idan ba ta yi ba, a tuna mata cikin ladabi, da ranar da aka karɓi wasiƙa. Ya kamata kuma mu auna abin da muke kashewa. Idan kuɗin anko, rumfa da abincin manyan baƙi ya fi abin da aka tara a gidauniya, to an yi asara, ko da an yi ta tafi.

Ƙarshen labarin

A shekara ta huɗu mutanen garin nan suka yi taronsu a watan Yuli, a filin makaranta. Da aka ƙirga masara, kwalbati ya zo na ɗaya, gyaran rufin asibiti na biyu, ɗakin taro na biyar. Suka kai wasiƙa a kan na ɗaya da na biyu kawai. Sau shida wakilansu suna zuwa sakateriya. Sau biyu ba su sami kowa ba. Kwalbati ya shiga kasafi, amma ba a saki kuɗin ba a wannan shekara. Wasu suka karaya, suka ce dā ma sun faɗa. Kwamitin ya sake kai wasiƙa, da kwafin ta farko a manne. A rani na biyu aka kawo siminti da rodi da magina. Matasa, Kirista da Musulmi, suka tara dutse da yashi, mata suka ɗebo ruwa, mutanen ruga suka kawo nono da fura ranar zuba kankare. Damina ta gaba mota ta shiga gari har bakin kasuwa.

Rufin asibiti kuwa bai samu ba a wannan zagaye. Suka mai da shi na ɗaya a wasiƙar shekara ta gaba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne sunan mazaɓarmu, wane ne kansilanmu? Yaushe ya zauna da mu na ƙarshe a kan aikin gari?
2. A cikin matsalolin garinmu, waɗanne ne na ƙaramar hukuma, waɗanne ne na jiha, waɗanne ne kuma za mu iya yi da kanmu?
3. A taronmu na ƙarshe, su wane ne ba su zo ba? Me ya hana su? Su wane ne suka zo amma ba su yi magana ba?
4. Nawa muka kashe a bikin bara, nawa muka tara? An karanta mana lissafi?
5. Idan ɗan takara ya kawo wa ƙungiyarmu kyauta mai yawa gab da zaɓe, me za mu yi?
6. Me ya sa mutanen garin nan ba su daina ba sa'ad da kuɗin bai fito ba a shekarar farko?

Aikin da za mu yi kafin zama na gaba

- Mutum biyu su gano ranar da majalisar kansiloli take zama, su tambaya ko za a bar wakilanmu su saurara.
- Matashi ɗaya ya nemo abin da aka rubuta wa ƙaramar hukumarmu a rabon watan da ya wuce.
- Mata biyu su ziyarci makaranta da asibiti, su karɓo sunayen 'yan kwamiti da ranar zamansu na gaba.
- Dattawa su sami dagaci, a tsai da ranar taron gari tun kafin Satumba.

Idan ƙungiyarku ta gwada waɗannan matakai, ku ba ma'aikacinmu na yankinku labarin yadda ta kaya, ko an samu ko ba a samu ba, domin sauran garuruwa su koya daga gare ku a fitowa ta gaba.